Koyar da lissafi da kayan hannu a aji mai yara 90: ta ina za a fara?

Tambaya: Wata malama da ke koyar da aji 4 a wata firamaren gwamnati a Tudun Wadan Zariya ta rubuto tana cewa: "Yara 90 ne a ajina. Duk bitar da muka je sai a ce mu koyar da lissafi da kayan da yaro zai taɓa da hannunsa, amma makarantarmu ba ta da su, kuma darasin minti 35 ne. Na taɓa gwadawa da duwatsu, ajin ya kaure da surutu, washegari na ga ba abin da ya zauna musu. Wannan hanya tana aiki kuwa, ko ta makarantun kuɗi ce? In tana aiki, ta ina zan fara?"

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da ba ki watsar da abin ba, kika tsaya tambaya. Hanyar tana aiki, kuma ba sai da kayan kanti ba. Amma tana da sharaɗi guda wanda ba a cika tsayawa a kansa a wajen bita ba. Dutse ko kara ba ya koyar da kowa lissafi. Abin da ke koyarwa shi ne a haɗa abin da hannu ya yi da abin da aka rubuta a allo, a darasi ɗaya, mataki da mataki, har yaro ya gane cewa lambar da ya rubuta labarin abin da hannunsa ya yi ne. In ba a haɗa su ba, yara sun yi wasa da duwatsu, sun koma gida, washegari kuma ga lambobi a allo kamar ba su taɓa ganinsu ba. Ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan.

Masu bincike ma abin da suka gani ke nan. A 2013 wasu masana a Amurka sun tattara sakamakon bincike 55 da aka kwatanta koyarwa da kayan hannu da koyarwa da lambobi zalla. Kayan hannu sun yi rinjaye, amma rinjayen matsakaici ne, kuma ya dogara ƙwarai da yadda aka yi amfani da su. Inda malami ya ja ragamar aikin an fi samun amfani, inda aka zube wa yara kaya aka bar su su gano wa kansu, amfanin ya ragu. Saboda haka kada wani ya sa ki ɗauka cewa da zarar kaya sun shiga aji an gama.

Ki fara da yaran da kike da su. A cikin 90 ɗin nan na tabbata akwai masu tallar gyaɗa ko awara bayan an tashi, akwai masu zaman shago a Sabon Gari ranar Asabar. Yarinyar da za a miƙa wa naira 500 a sayi awarar 350 ta ba da canjin 150 ba tare da ta ɗaga kai ba, ita ce za ki rubuta wa 500 − 350 a allo ta tsaya tana kallonki. An auna wannan abu a birnin Resife na ƙasar Birazil, aka buga sakamakon a 1985: yara masu talla sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin ciniki daidai a bakin sana'arsu, amma da aka ba su lambobin nan a takarda ba tare da labarin ciniki ba, kashi 37 kawai suka ci. Yara 5 ne kacal a wancan binciken, amma a 2025 an buga wani da aka yi da yara sama da 1,000 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, ya nuna irin wannan giɓi. Ya ma ƙara da cewa 'yan makarantar da suka iya lissafin takarda suna kasa yin na kasuwa. Wato yaranki ba daƙiƙai ba ne. Lissafi biyu ne a kansu da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma aikin kayan hannu shi ne ya haɗa su.

Tsarin da aka fi bi ya samo asali ne daga wani masanin halayyar koyo ɗan Amurka, Jerome Bruner, wanda a shekarun 1960 ya bayyana cewa mutum yana riƙe ilimi ta hanya uku: ta aikatawa, ta hoto, sannan ta alama. Ƙasar Singafo ta gina lissafin firamarenta a kan wannan tun farkon shekarun 1980. A ajinki ma'anarsa ita ce: a yi da hannu, a zana, a rubuta da lamba. Matakin tsakiya, zanen, shi ne wanda malamai suka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda yaro zai iya shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Bari in tsaya sosai a kan darasi ɗaya, domin in kin kama shi sauran za su zo da sauƙi. Shi ne matsayin lamba, wato ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa. Mafi yawan yaran da ke faɗuwa lissafi a aji 4 zuwa 6, in kin bi diddigi, a nan ƙafarsu ta zame.

Ki sa kowane yaro ya kawo siraran kara guda 20, an yanka kamar tsawon yatsa. Bayan kaka karan dawa da na gero ba ya wuya a kewayen Zariya. Kara ya fi dutse a wannan darasi don ana iya ɗaure shi, kuma ba ya ƙara a kan benci, ba a kuma jifa da shi a ji ciwo. Yara 90 za su tara 1,800, sun ishe ki. Darasin farko gaba ɗaya a ƙare shi a ɗauri: a ƙirga 10, a ɗaure da zare ko roba. Doka ɗaya ce, ba a barin kara 10 a warwatse, da sun cika sai a ɗaure. Kowane rukuni ya ja layi a ƙasa ko a kan kwali, ɗaurarru a hagu, warwatsattsu a dama. Ki ce su ajiye 34, sannan su ajiye 43, ki tambaye su wanne ya fi yawa, kuma ta yaya suka sani tun ba su ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba.

Sai ɗebewa. Ki rubuta 43 − 17 a allo kafin a taɓa kara, ki bar su su gwada. Da yawa za su kawo miki 34. Kada ki yi faɗa, wannan amsa tana da dalilinta: yaron ya ga 3 da 7, ya ɗebe ƙarami daga babba ya sami 4, ya ɗebe 1 daga 4 ya sami 3. Yanzu su ajiye ɗauri 4 da kara 3. Ki ce, "Ku ba ni kara 7." Babu, 3 ne kawai a warwatse. Ki yi shiru ki jira. Ba za a daɗe ba wani zai ce a kwance ɗauri ɗaya. Da an kwance, ki tsayar da kowa, ki je allo ki soke 4 ki rubuta 3, ki mai da 3 ta zama 13, ki tambaya: "Me ya sa na soke 4? Ina ɗaurin ya tafi? Karan sun ragu ko suna nan 43?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar darasin. Su ɗebe 7 saura 6, ki rubuta. Su ɗebe ɗauri 1 saura 2, ki rubuta. Amsa 26. Duk motsin da hannu ya yi, alli ya bi shi nan take, kada a bari sai an gama. Daga nan su yi 52 − 28 da kara, ɗaya yana motsa kara, ɗaya yana rubutawa, sannan su yi musaya. Lissafi na uku kuma ba kara, sai zane a littafi: dogon layi a madadin ɗauri, ɗigo a madadin kara ɗaya. Na huɗu lamba zalla, amma wanda ya maƙale yana da izinin komawa zane.

In wannan ya zauna, sai ki haɗa ɗauri 10 ki yi babban dami na 100, ki ba su 302 − 148. Nan ne sifili ke kayar da yara, har da na sakandare. Da kara a gabansu za su ga cewa gidan gomomi wayam yake, dole a kwance babban dami a sami ɗauri 10, a sake kwance ɗaya daga ciki, saura 9. Sai su ga inda 9 ɗin nan da ake sa su rubutawa a saman sifili ta fito. Amsar 154 ce, amma abin da na fi so ki saurara shi ne yaron da zai iya gaya miki dalilin 9 ɗin da bakinsa.

Ninkawa kuwa, kayanta suna nan a kowane shagon mai shayi. Kiret ɗin ƙwai layi 5 ne, kowane layi gurbi 6, jimla 30, daidai da gurabun dara. Ki juya shi, ya koma layi 6 na gurbi 5, ƙwai bai ƙaru ba bai ragu ba. Yaron da ya ga wannan ya rage wa kansa kusan rabin haddar jadawalin sau. Da murafen kwalba na roba su jera 7 sau 8, sannan a sa tsinke a raba jerin gida biyu, 7 sau 5 da 7 sau 3, wato 35 da 21, a haɗa a sami 56. Wannan rabawar ita ce asalin doguwar ninkawa da za su yi a aji 5, ita ce kuma za su sake haɗuwa da ita a aljabara. A nan zan faɗi ra'ayina a fili, don na san akwai masu bita da ke kushe hadda: ban yarda a daina haddar jadawalin sau ba. Yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo, baiwa ce, kuma yaron da sai ya jera murafe kafin ya san 6 sau 7 zai wahala a rabawa. A fahimta da hannu tukuna, sannan a haddace har ya zama ba sai an yi tunani ba.

Lissafin kashi-kashi shi ne wuri na biyu da nake so ki ba lokaci. Ki tambayi ajinki 1/2 + 1/3, za ki sami 2/5 daga bakin masu ƙoƙarin ma. Maganinsa tsohuwar takarda. Ki yanka ta dogaye, duka tsawo ɗaya, kowane yaro ya sami uku. Ta farko a naɗe gida 2, ta biyu gida 3, ta uku gida 6, a jera su wata ƙarƙashin wata. Ido zai nuna musu rabi daidai yake da gida 3 cikin 6, sulusi kuma gida 2 cikin 6, in an haɗa 5 cikin 6. Sannan ki sa su naɗe wata gida 5 su duba 2/5: ko rabi bai kai ba. To yaya za a ƙara wa rabi wani abu a sami abin da bai kai rabi ba? Yaron da ya yi wannan tambaya da kansa ya wuce wannan kuskure. Ki kula dai takardun su zama tsawo ɗaya, kuma wata rana ki kawo doguwa da gajeruwa da gangan, ki tambaye su ko rabin wannan daidai yake da rabin waccan.

Kuma mu a Zariya kashi-kashi ba baƙonmu ba ne. Malaman zaure a cikin birni sun daɗe suna karantar da rabon gado da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: matar tana da sumuni, wato 1/8, uwar sudusi, wato 1/6, saura na ɗan. Malamin gado zai ce asalin mas'alar 24 ne, mata 3, uwa 4, ɗa 17. Wannan 24 ɗin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 suke shiga ba saura, abin da littafin aji 5 da 6 ke wahalar da yara a kansa. Ki ba rukuni murafe 24 su raba da hannu, sannan ki ba su 20 su gwada, su ga ba ya rabuwa. Na ga iyaye sun canza yadda suke kallon lissafin boko saboda yaro ya koma gida da irin wannan misali. In ajinki ya haɗa Musulmi da Kirista, kamar yadda yake a makarantu da yawa a Sabon Gari da Samaru da Wusasa, sai ki gabatar da shi a matsayin misalin rabo kawai, ki haɗa da na rabon riba tsakanin abokan ciniki.

Awo ba ya buƙatar dogon bayani, ki fitar da su waje. Su auna tsawon aji da taki, dogo ya sami 11, gajere ya sami 14, gardama ta tashi, daga gardamar ki shigo da mita. Haka mudu da tiya: yaran sun riga sun san na wannan mai awo ba lalle ya yi daidai da na wancan ba, kuma cikawa da tozo daban da shafewa. Daga nan lita da kilo suke samun dalili. Igiya mai mita 24 a ƙulla bakinta, yara 4 su riƙe kusurwoyi: tsawo 6 da faɗi 6 ya ba da fili 36, 8 da 4 ya ba da 32, 10 da 2 ya ba da 20, alhali igiyar ba ta canza ba. Da wannan za su daina rikita kewaye da girman fili, kuma duk wanda zai sayi fuloti wata rana yana buƙatar wannan sani. Da'ira kuma, a zagaya zare a bakin faifai, da murfin tukunya, da tayar keke, a gwada zaren da faɗin tsakiya. Kowane lokaci sau 3 ne da ɗan ƙari. Sai bayan sun ga haka a abubuwa huɗu ko biyar za ki rubuta 22/7, ki gaya musu ita ma kusantowa ce.

Ko da yake aji 4 kike, ki sanar da abokan aikinki na manyan azuzuwa da ƙaramar sakandare cewa abin bai tsaya a ƙananan yara ba. A yanka alwatika ta takarda, kowa da irin tasa, a yage kusurwoyin uku a jera su baki da baki, su ba da miƙaƙƙen layi, digiri 180. A ɗauki igiya a yi mata ƙulli a raba ta gida 12 daidai, a ja ta 3 da 4 da 5, kusurwar gini ta fito cif, dabarar da magina ke fitar da harsashi da ita, kuma 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun haɗu sun ba da 25, wato 5 sau 5. A sa duwatsu adadi iri ɗaya a kwalin ashana biyu a ɓoye, a ajiye 3 a gefensu, a ce duka 11 ne, a bar yara su gano abin da ke cikin kowane kwali: sun warware 2x + 3 = 11 tun ba a rubuta ba. A kafa sanda mai mita 1 a rana, in inuwarta mita 1.5 ce, ta bishiyar darbejiya kuma mita 12, to bishiyar mita 8 ce. Yaron da ya karanta a Islamiyya cewa lokacin la'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, ya riga ya san ana awo da inuwa. In da hali a kai su su ga bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, a tambaye su yadda aka yi ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu. Irin wannan tambaya za a yi a kan zanen dagi da ɗinkin hula.

Akwai kuma wasan da nake so kowane aji ya sani. A zana gida 9, uku-uku, a rubuta 1 zuwa 9 a murafe, a ce su jera yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Saboda murafe ne, yaro yana matsar da su ba tare da tsoron gogewa ba, kuma kafin ya dace ya yi tarawa sau da yawa bai sani ba. Ki gaya musu wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. Yana da kyau yaro Bahaushe ya ji cewa lissafi ba daga waje kaɗai ya zo mana ba.

Yanzu ga babbar damuwarki, yara 90 da minti 35. Surutun da kika gani ba daga duwatsun ya zo ba, daga rashin tsarin rabawa da karɓa ne, kuma wannan ana koyar da shi kamar kowane darasi. Ki raba su rukuni 15 na mutum 6, rukunin ya zama na dindindin har ƙarshen zango. Kowane rukuni da gwangwaninsa ko jakarsa mai lamba, da mai ɗaukowa da mai mayarwa. Ki ware darasi guda cur a kan wannan kaɗai: ɗaukowa, ajiyewa a tsakiya, hannu a cinya har sai kin ba da izini, tafi biyu kowa ya saki abin da ke hannunsa ya dube ki. Ki maimaita har su iya yi cikin minti 2. Kada ki ga kamar ɓata lokaci ne, za ki fanshe shi a mako na biyu. Ranar farko da kaya suka shiga hannunsu ki ba su minti 3 su taɓa, su yi abin da suke so, don in ba ki ba su ba za su ɗauka da kansu a tsakiyar bayaninki.

Minti 35 ɗin kuma, kamar 5 na nunawa a gaban aji da manyan kara waɗanda na baya za su hango, 12 na aikin rukuni, 8 na zane da rubutu kowa a littafinsa, sauran na jin bayani daga rukuni biyu ko uku da tattara kaya. Tambaya biyu ko uku sun isa, ba goma ba. Ba za ki iya zagaya rukuni 15 a darasi ɗaya ba, ki duba 5 yau, 5 gobe. Ba kuma kowace rana ake fito da kaya ba, sai ranar buɗe sabon babi da ranar da kika ga an ɓace. A cikin rukuni ki lura da wanda kaya ke hannunsa. In ba a sa ido ba, yara biyu masu ƙarfin hali za su riƙe komai, sau da yawa 'yan mata da masu shiru su zama 'yan kallo. Shi ya sa nake son a riƙa karɓa-karɓa: mai motsa kara a tambaya ta farko shi ne mai rubutu a ta biyu.

Wajen zaɓen kaya, mara ado ya fi. Abin da ya cika kyau ko ya yi kama da abin wasa yana janye hankalin yaro daga lissafin. Ki guji murafen ƙarfe masu kaifi, da ƙananan 'ya'yan itace da ƙaramin yaro zai iya sa wa a hanci ko kunne. Ban kuma son a yi amfani da wake ko masara ko alewa. Akwai yaron da ya zo aji bai karya ba, bai dace a ba shi abinci ya ƙirga ya mayar ba. Kada kuma a ɗora wa iyaye ko sisi a kan wannan.

Harshe ma yana da nasa rabo. Lokacin da hannu ke aiki ki bar su su yi magana da Hausa, su yi gardama da ita, domin da ita suke tunani. In an zo rubutu sai ki ba su kalmar Turancin da za su gani a littafi da jarrabawa, ki rubuta ta kusa da zanen. Ƙirgarmu ma tana taimakawa: yaron da ya saba jin "ashirin ba ɗaya" ya riga ya san dabarar cikawa a rage, saboda haka 99 + 47 a wurinsa 100 da 47 ne ba ɗaya, 146.

Abu na ƙarshe a kan hanyar kanta shi ne sanin lokacin janye kayan. Yaron da har ƙarshen zango ba ya iya 43 − 17 sai da kara, bai gama koyo ba. Alamar da za ki duba ita ce ya fara faɗin abin da zai faru kafin ya taɓa, ya ce "sai an kwance ɗaya" tun hannunsa bai kai ba. Wannan ya isa komawa zane. Wanda kuma yake zanen da gaggawa don ya riga ya san amsa, ya isa barin zanen. Ba rana ɗaya za su kai ba, kuma ba laifi a aji ɗaya a ga mai kara da mai zane da mai lamba zalla suna aiki a kan tambaya guda.

Game da hedimasta da masu duba makarantu, ki rubuta kayan da matakan a cikin shirin darasinki, ki gayyaci hedimasta ya shigo ya gani da idonsa kafin ya ji hayaniya daga ofis. Ba baƙon abu kika kawo ba. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda gwamnatin tarayya ta fara da tallafin hukumar JICA ta Japan a 2006, da jihohin Kaduna da Neja da Filato aka fara shi, kuma ginshiƙinsa shi ne yara su yi aiki da hannunsu, malami ya ƙirƙiri kaya daga abin da ke kewaye da shi. Da wuya a rasa malamin da ya taɓa halartar wannan horo a yankinku, ki neme shi. Ga kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Zariya, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Ɗaliban da ake turo muku koyon aikin koyarwa ma ki riƙe su da kyau, mutum ɗaya da zai kula da rukuni 5 yana sauƙaƙa aikin ƙwarai.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi a makonni biyu masu zuwa. Ranar Litinin ki ba su tambaya 5 na ɗebewa mai kwance ɗauri, a takarda, ba taimako, ki ajiye takardun. Ki lura da masu amsa irin ta 34, ki ƙirga su. Talata a tara kara a koyi tsarin rukuni. Daga Laraba zuwa ƙarshen mako na biyu ki bi matakan da na zayyana, kada ki taɓa wani babi. Ranar Juma'ar ƙarshe ki sake ba su wasu 5 masu irin wannan nauyi, ba kara a gabansu, amma ki bar fili a gefen takarda ga mai son zane. Ki ɗora sakamakon biyu gefe da gefe, ki nuna wa hedimasta da sauran malaman lissafi. Waɗanda har yanzu suke ɗebe ƙarami daga babba, ki haɗa su rukuni ɗaya kusa da teburinki, su ci gaba da kara na wani mako, sauran kuma ki wuce da su zuwa 302 − 148.